Ƙafa a Ƙarƙashin Asabari

Kurkunun farko da anka fitar a gabana, a idon sawun wani mai sayar da albasa ne daga Danchadi. A kan jaki anka kawo shi, yana ta salati, ƙafar a naɗe cikin tsumma. Malam Jabbi ya zaunar da shi a kan benci, ya tsoma sawun cikin bokitin ruwan sanyi, ya koma gefe yana wanke almakashi kamar ya manta da shi. Can sai ga wani farin abu ya leƙo daga bakin mikin, siriri kamar zaren ɗinki. Malam ya kama kan da hantsaki, ya naɗa shi a tsinken ashana, ya murza tsinken kaɗan, sai ya tsaya. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Malam, ga shi yana tahowa, ja mana!"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "To, likita ya iso. Ku ba shi wuri."

Masu jira a baranda sunka fashe da dariya. Bai ja ba. Ya ɗaure tsinken a jikin ƙafar da bandeji, ya ce wa mutumin ya dawo da safe.

Jiya ina zaune nan ƙofar asibiti na ji ɗayanku, ku ɗaliban da anka turo koyon aiki, yana cewa wai aikinmu na da ai wankin miki ne da naɗe tsutsa a tsinke, kowa ma zai iya. Madalla da kai, ɗan nan. Ba laifinka ba ne, ba ka taɓa ganin kurkunu ba, kuma Allah kada ya nuna maka. Kun ce a makarantarku an jera hotunan manyan likitocin duniya a bango, wanda ya gano wanga, wanda ya fara wancan. Allah ya saka musu da alheri, ba ni da ja. Ni dai likitan da na gani da idona Malam Jabbi ne, kuma a takarda ma ba likita ba ne. Malamin asibitin sha-ka-tafi ne a wani ƙauye tsakanin Boɗinga da Shagari, ɗaki biyu da baranda da bishiyar dogonyaro. A hannunsa na koyi duk abin da na sani.

Bari in gaya muku mene ne kurkunu. A ruwan tafki ake shan shi. Mutum ba ya jin komai sai shekara ta zagayo, daidai faɗuwar damina, lokacin da kowane magidanci ke bukatar ƙafarsa. Sai wani ƙurji ya taso yana zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, tsutsar ta leƙo. Tsawonta kan kai daga yatsa zuwa kafaɗa, wata ma ta fi, kuma duk tana kwance a cikin nama. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Lallaɓa ta ake yi, yau kaɗan gobe kaɗan. In ka yi garaje ta tsinke, ragowar ta koma ciki ta ruɓe, ƙafa ta kumbura ta tara ruwa. In a gwiwa ne, gwiwar na iya sandarewa har abada. Akwai wani a kasuwar Boɗinga da ke tufka igiya a zaune, ƙafa ɗaya a miƙe kamar taɓarya. Da can shi ne ke jan gaba a wurin gayya, ba mai kamo shi a kunya. Wani mai gaggawa ne ya ja masa.

Ni ba da ilimi na shiga aikin ba. Na dawo daga cin rani da aure a kaina, babu abin yi, anka ɗauke ni lebura, in yi shara in ɗebo ruwa. Malam ya ga ina yawan leƙe, sai ya ɗora ni a kan risho. Na daɗe ba na taɓa kowa, aikina dafa allurai da sirinjin gilashi a cikin tukunya, da goga bakin allura a dutse in ta dakushe. I, goga ta ake yi, ku daina zaro ido. Daga nan ya koya mini wankin gyambo da ruwan gishiri, da yadda ake shafa aidin ba tare da an ƙona sabon nama ba. Kurkunu kuwa sai da ya kai ni bayan asibiti bayan an yi ruwa, ya nuna mini ciyawar ƙiri-ƙiri, ya ce in zaro saiwarta daga ƙasa ba tare da ta tsinke ba. Na yi ta tsinkawa, yana tsaye yana tsaki. Ya ce hannu shi ke ji, ba ido ba. Akwai inda abu ke biyo ka, akwai inda yake turjewa, kuma da ka ji turjiya ka saki, ko da mai ƙafar yana roƙonka ka gama.

Mutanenmu kuwa, Allah ya bar mu da su. Kowa allura yake so. Mai ciwon kai allura, wadda tuwo ya ƙi shiga allura. In ka ba tsoho ƙwaya sai ya juya ta a tafin hannu ya ce, "Wanga ɗan abu na zan sha in warke?" Fulani su zo da ƙwaryar nono su ajiye a baranda ba su ce komai ba. Ranar kasuwa ba mu cin abinci sai la'asar. Sauran ranaku mu ɗaura akwati a bayan keke mu bi ƙauyuka, Malam a gaba ni a baya, yara na ihu, "Ga masu allura nan!"

Farkon mulkin farar hula an ji daɗi, gaskiya. Motocin manya na ta zirga-zirga a kan titin Shagari, 'yan siyasa na zuwa da lasifika suna alkawarin famfo a kowace unguwa. Motar magani kan iso daga birni ta sauke kwalaye har mu rasa wurin ajiya. In ka buɗe ɗakin ajiya ƙamshin sabuwar auduga da aidin ya buge ka. Wallahi har yau in na ji warin aidin sai in ji kamar zan juya in ga Malam a tsaye da farar rigarsa, gilashi a kan hanci, yana neman abin da zai yi mini faɗa a kai. Ina kewar mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Sai abubuwa sunka juya. Anka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Sabulu ya zama sai da layi, kananzir sai wanda ya san wani. Motar magani ta fara zuwa da rabi, daga baya ta zo da direba kawai, daga nan ba mu sake ganinta ba. Fansalin ta ƙare, aidin ya ƙare, bandeji sai mu wanke mu dafa mu shanya mu sake ɗaurawa har ya zama raga. Risho ya mutu, munka koma murhu da kara. Ga shi damina ta yi gardama, rijiyoyi sunka ƙafe da wuri, famfon da anka yi alkawari bai iso ba. Ƙauyuka da dama sunka koma shan ragowar tafki tare da shanu. Malam ya bi gida gida yana cewa a tafasa ko a tace da ƙyalle. Mata sunka ce da wane icen za a tafasa ruwan gida guda? Ya dawo ya zauna a baranda ya ce mini, "Ummaru, tara tsinke. Baɗi muna da aiki."

Haka kuwa anka yi. Ruwan shuka na sauka, kurkunu ya fito kamar an yi masa shela. Gida guda ka tarar da uba da 'ya'ya a kwance, kowa da tsinke a ƙafa, gona na can ciyawa na cinye ta. Ashana ma ta yi wuya, munka koma fere tsinken kaba.

A wagga shekara ce Modi ya kwanta. Modi ɗan Malam Jabbi ne, ɗan fari. Ku na yanzu da kuke saɓa ɗan fari a kafaɗa kuna yawo da shi kasuwa, sai na yi muku bayani. A wurinmu, musamman gidajen da ke da jinin Fulani irin na su Malam, ɗan fari abin kunya ne. Uba ba ya faɗin sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya zama inda yake, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Ana yaye shi ake kai wa kaka. Haka anka kai Modi wurin Inna Hajo, mahaifiyar Malam, a wani ɗan ƙauye ta wajen Shagari. Can ya girma, can ya yi aure, shi ke noma gonar gidan, da rani kuma ya yi lambun albasa a fadama, yana ban ruwa da jigo. Shi kaɗai ne namiji a gidan, tsohuwa da matarsa Ige duk a wuyansa suke. Na yi shekaru tare da Malam ban taɓa jin sunan Modi a bakinsa ba. In dole ta kama sai ya ce "na wurin Inna".

To, kun ga inda matsalar take. Modi ya kwanta, babu wanda zai aika wa ubansa, don ba a kai wa uba irin wanga labari. Uban kuma ya ji a bakin 'yan kasuwa, amma ba zai tambaya ba. Muna wuce mararrabar ƙauyen a kan keke, in ga ya rage gudu, ya dubi hanyar, sai ya sake taka feda. Mutumin da ya fitar da kurkunun rabin ƙasar, ga nasa a kwance, kowa na kara. Da abin ya yi tsanani Inna Hajo ta kira wanzami ya yi sakiya, wato ya ƙona ƙarfe ya huda kumburin. Ita a ganinta taimako ta yi.

Ige ce ta karya shirun, kuma ni ta tara, ba surukinta ba. Na je ƙauyen duba wasu, ta tsaya a bakin danga ta rufe rabin fuska ta ce, "Malam Ummaru, don Allah in ka gama ka biyo. Maigidan bai taka ƙasa ba tun shuka."

Na shiga ɗakin, wari ya tare ni tun daga ƙofa. Kurkunu biyu ne. Na idon sawu shi anka yi wa sakiya, ya tsinke a ciki, wurin ya tara ruwa. Wannan na san yadda zan yi da shi, na matse na wanke da ruwan gishiri. Na biyun ne ya tayar mini da hankali. A lanƙwasar gwiwa ya fito, ta baya, inda jijiyoyi sunka taru. Gwiwar ta kumbura tana sheƙi, Modi ya ƙudundune ta ba ya yarda ta motsa. Na kama kan na naɗa a tsinke, na murza. Ko gezau. Na dawo washegari, haka. Na sake dawowa, haka, sai ma zafin jiki da ya ƙaru. Modi ya kama hannuna ya ce, "Ummaru, hwaɗa man gaskiya. Ni ma igiya zan koma tuhka?" Na ce ya bar wannan magana. Amma abin da ke raina ke nan.

Kai shi birni ba mafita ba ce a lokacin. Takarda za a rubuta maka a ce je ka nemo, ga hanya duk laka, ga gwiwar da ko jaki ba ta iya hawa.

Da farko na bi ta yadda anka saba. In munka zauna da Malam sai in ce, "Akwai wani mutum, nasa ya fito a bayan gwiwa, ya ƙi motsi." Shi ma ya san ko wane ne. Sai ya dubi dogonyaro ya ce, "A gasa mai da ruwan ɗumi. A shahwa man shanu daga cinya a gangaro." In je in yi, in dawo in ce wani mutum dai jiya i yau. Ya sake ba ni wata dabara. Muna ta wannan wasa gwiwa na ƙara kumbura.

Ran nan na gaji. Muna wanke hannu na ce, "Malam, zan yi rashin kunya, ka gafarce ni. Ƙafar Modi ta fi ƙarfina. Kurkunun ya naɗe jijiya, hannuna ba ya jin inda ya bi. In na matsa zai tsinke, in na bari gwiwar za ta tafi. In ba kai ba, babu mai fitar da shi."

Sabulun ya suɓuce daga hannunsa. Tunda nake ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Kai, kana da hankali kuwa? In shiga ɗakinai in zauna in rungumi ƙahwatai, garin ga duk suna kallo? Ni ubana har ya koma ga Allah bai taɓa kama hannuna ba. Mi kaka so a ce da ni? Mi kaka so a ce da Inna?"

Na ce, "To, sai a fara nema masa kaba."

Ya yi kamar zai mare ni. Sai ya ɗauki hularsa ya fita. Kada ku ce mugu ne. Na ga idonsa, mutumin yana cikin azaba. Abin da anka gina shi a kai ne tun yana ɗan yaye, kuma ba shi kaɗai zai ji kunyar ba. Shi kansa Modi da zai ga ubansa ya shigo, da ya gwammace ya ja ƙafar ya faɗa bayan gado.

Na rasa wurin zuwa, sai na koma wa Inna Hajo. Tana zaune tana kaɗi, na zayyana mata komai, har da cewa sakiyar nan ba ta yi amfani ba. Ta ci gaba da murza mazari. Can ta ce, "Shi aikin naku, da huska aka yin shi ko da ƙahwa?"

Na ce da ƙafa.

Ta ce, "To, shi zo shi ga ƙahwa. Wa yac ce sai ya ga mai ita?"

Da na isar wa Malam bai ce i ba, bai ce a'a ba. Amma da safe na tarar ya riga ni ɗaura akwati a keke.

An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Munka shiga gidan, Malam ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa. A ƙofar ɗakin Modi an saki asabari har ƙasa, irin na tsinke da ake sakewa don ƙuda. An jawo shimfiɗarsa bakin ƙofa daga ciki, ƙafar kaɗai ta fito ta ƙarƙashi, daga cinya zuwa sawu, a kan tabarma. Inna Hajo ta nuna da haɓa ta ce, "Ga wata ƙahwa nan anka aje muna. In kana da hali ka duba."

Malam ya naɗe hannun riga ya zauna a ƙasa. Ya daɗe yana kallon ƙafar bai taɓa ba. Sannan ya ɗaga ta ya ɗora a cinyarsa.

A nan na ga aiki. Bai ko kalli tsinken da na naɗa ba. Ya rufe ido ya bi bayan gwiwar da babban yatsa, a hankali, yana dannawa yana saki, har ya gano inda tsutsar ta zagaye jijiya ta yi sama. Ya sa na gasa wurin da ruwan ɗumi. Ya tsaga gefen kumburin kaɗan da aska dafaffiya, ruwan ya fita. Sai ya tallabi dunduniya ya lanƙwasa gwiwar ɗan kaɗan don jijiyar ta saki, yana murza naman da man shanu da ɗaya hannun. Ni ya ba tsinken. Ya ce, "In na ce murza, ka murza rabi. In na yi shiru, ka tsaya." Kafin ya lanƙwasa ya ce mini, "Hwaɗa ma mai ƙahwa shi cije."

Ga mai ƙafa nan, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba, amma na juya na gaya wa asabari. Daga ciki munka ji numfashi sama-sama, sai murya ta ce, "Ummaru, hwaɗa ma Malam ban ji komi ba." Ƙarya yake yi, yatsun ƙafar duk sun dunƙule.

Malam ya ce murza. Na murza, sai na ji abin ya biyo. Kaɗan ne, bai kai gaɓar yatsa ba, amma ya biyo. Na kusa yin kabbara.

Da munka zo ɗauri babu bandeji mai kirki a akwatin. Malam ya kwance rawaninsa, ya yage gefe, ya ba Ige ta dafa a tukunya. Kafin a gama jinyar nan rawanin ya ƙare tas.

Haka munka riƙa yi kowace safiya kafin mu buɗe asibiti. Maƙwabta sunka fara leƙe ta saman danga, ana jira a ga abin faɗa. Ba su samu ba. Malam bai shiga ɗaki ba, bai ga fuska ba, bai ambaci suna ba. Wata tsohuwa ta ce wa Inna Hajo, "Ashe ɗanki na zuwa wurin jikanki?" Ta ce, "Wurina yaka zuwa gaisuwa. Ƙahwa kuwa ko ta wa ya gani a hanya yana dubawa, aikinai na."

Akwai safiyar da na ɗauka mun rasa. Zazzaɓi ya rufe Modi, gwiwar ta yi zafi, daga bayan asabari sai sambatu yake yi. Malam ya ɗora yatsa a gwiwar. Ya janye, ya ce yau ba a ja. Na ce ko rabi? Ya ce, "Yau hannuna ba ya ji." Munka wanke munka ɗaure kawai. Ya sa Ige ta riƙa jiƙa zane tana shafa wa mijinta, ta ba shi kunu ko ba ya so. A hanyar komawa bai hau keken ba, tura shi ya yi har asibiti. Wannan ma ku riƙe, yana cikin aikin, sanin ranar da ba za ka taɓa ba.

Allah ya sa zazzaɓin ya sauka. Tsinken ya yi ta kauri da farin zare, har wata safiya na murza na ji babu turjiya ko kaɗan, sai ga wutsiyar ta zamo waje da 'yar lanƙwasarta. In ka ga wannan lanƙwasa ka san babu saura. Malam ya ɗaga tsinken ya duba a hasken rana, ya ba ni ya ce in jefa a wuta. Sannan ya kama dunduniya ya tura a hankali. Gwiwar ta lanƙwashe. Ya miƙar, ta miƙe. Ya sake turawa har dunduniya ta kusa taɓa cinya. Ige ta saki guɗa daga madafa, ta tuna surukinta na nan, ta toshe baki. Inna Hajo ta leƙa bayan asabarin ta ce, "To, maigidana, ka tsira. Sai ka tashi ka biya ni kunun da ka sha."

Geron shekarar dai ya riga ya tafi, abin da anka samu bai taka kara ya karya ba. Amma da rani Modi na fadama yana jan jigo da ƙafa biyu, kuma albasar nan ce ta riƙe gidan.

Saura mikin ya rufe, munka ci gaba da zuwa wanki. Ya tsotse, ya kawo sabon nama, ya rufe, ya bar tabo. Na idon sawu ma ya warke. Ige ta gaya mini a ɓoye cewa da mun tafi maigidan kan tashi ya zagaya gida, har ya fara gyaran kwashe, wato fartanya. Ni dai na san aiki ya ƙare. Ga mutane can a barandar asibiti suna jiranmu. Amma kullum da safe sai in tarar da akwati a kan keke.

Ran nan munka zauna, Malam ya ɗora ƙafar a cinya, ya kwance ƙyallen. Babu abin wankewa. Ya wanke duk da haka, har tsakanin yatsu. Ya shafa man shanu, ya bi ƙwauri, ya bi gwiwa. Akwai wani tsohon tabo a ƙwaurin, na tun yarinta, ya tsaya a kai yana shafawa da yatsa, don bai san lokacin da anka ji shi ba. Sai a sannan na gane. Tun ranar da anka haifi Modi, a jinyar nan ne Malam ya fara taɓa jikinsa, kuma da an naɗe asabarin nan shi ke nan.

Ya ɗago bai dube ni ba, ya ce, "Ummaru, idona ya fara rauni. Duba man da kyau. Ko akwai wani da bai hito ba?"

Na karɓi ƙafar na duba gaba da baya. Lafiya lau take, fatar sumul. Inna Hajo ta daina kaɗi tana kallona.

Sai murya ta fito daga bayan asabari, ƙasa-ƙasa.

"Ummaru, hwaɗa ma Malam ina jin ɗan motsi wajen dunduniya."

Malam ya gyaɗa kai, ya jawo ƙafar ya mayar cinyarsa, ya fara naɗe ta da ƙyallen a hankali.

"To," ya ce. "Hwaɗa mai gobe muna tahe."